Rikicin Jos a Bakin Jaridu: Waiwaye Adon Tafiya

Mu da ke zaune a Keffi, Jos ba baƙon gari ba ne a wurinmu. Har zuwa 1 ga Oktoba 1996, ranar da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato, can ne babban birnin jiharmu. Har gobe ta hanyar Akwanga dankalin Turawa da kabeji da tumatirin Farin Gada ke sauko mana, kuma da wuya ka sami gida a unguwar nan da ba shi da ɗan'uwa ko suruki a Gangare ko Unguwar Rogo. Shi ya sa duk lokacin da Jos ta kama da wuta, mukan yi cirko-cirko a teburin mai jarida. To, me jaridun suka riƙa gaya mana?

Kafin a amsa, sai an koma baya kaɗan, domin jaridun ƙasar nan tun asali kowace da gidanta. Azikiwe ya kafa West African Pilot a Legas a 1937, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a Ibadan a 1949. A Maris 1953, da wakilan Arewa suka ƙi goyon bayan ƙudirin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, an yi musu ihu a titin Legas, jaridun can kuma suka yi ta yi musu ba'a, wai 'yan amshin shatan Turawa ne. Wata biyu ba su cika ba, a watan Mayu, rikici ya ɓarke a Kano, aka yi kwana huɗu ana gwabzawa, hukuma ta ce mutum 36 suka mutu. Tun daga ranar ya kamata mu gane cewa magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga a takarda.

Ita Jos, haƙar kuza ce ta tara mutane a cikinta tun farkon zuwan Turawa. Hausawa sun zo leburanci da fatauci, sun hayayyafa, jikokinsu ba su san wani gari ba. Su kuma Birom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar ta kakanninsu ce. Da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, sai gardamar ta koma kan kujera: wa zai shugabance ta, wa za a ba takardar shaidar ɗan ƙasa, wadda da ita ake samun aikin gwamnati da gurbin karatu. A nan tushen yake. A 1994 naɗin shugaban riƙo ne ya jawo tarzoma. A 2001 ma, kafin Juma'ar 7 ga Satumba, an yi makonni ana tayar da jijiyar wuya kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci. A Nuwamba 2008 kuwa zaɓen ƙaramar hukumar ne.

Amma idan ka buɗe jarida, sai ka tarar da abu uku.

Na farko, suna. Da yawa daga manyan jaridun Turanci sun ɗauki kalmomin "ɗan ƙasa" da "baƙo" kamar hukunci ne da aka riga aka yanke, alhali a kansu ake faɗan. Mutumin da aka haifi kakansa a Dilimi, kullum baƙo yake a kanun labari. Wasu jaridun namu na Arewa su ma sukan yi jam'u, su ɗora laifin 'yan ta'adda ƙalilan a kan ƙabila sukutum.

Na biyu, ƙidayar gawa. A 19 ga Janairu 2010 an kashe Musulmi aƙalla 150 a Kuru Karama, aka zuba wasu a rijiyoyi. A 7 ga Maris na shekarar aka afka wa Dogo Nahawa da dare, aka kashe Kiristoci, yawancinsu mata da yara. A wannan na biyun, gwamnatin jiha ta ce 500, 'yan sanda suka ce 109, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla 200. Kowace jarida sai ta ɗauki adadin da ya yi wa masu karatunta daɗi, ta buga kisan da aka yi wa nata da manyan baƙaƙe, ta tura na ɗaya ɓangaren can ciki. Wanda ya karanta guda ɗaya tak, zai rantse ɓangare ɗaya ne kawai ke binne mutane.

Na uku, saurin cewa "rikicin addini". Wannan laƙabi ya fi sayar da jarida, amma yana rufe maganar kujera da takarda, yana kuma rufe hannun jami'an tsaro. A rikicin 2008, Human Rights Watch ta lissafa fiye da mutum 130 da 'yan sanda da sojoji suka harbe ba bisa ƙa'ida ba. Wannan bai shiga awon Musulmi da Kirista ba, don haka bai daɗe a shafin farko ba.

Laƙabin nan kuma yana da ƙafa. Kisan Shagamu na Yuli 1999 da na Yelwan Shandam na Mayu 2004, duka a Kano aka yi ramuwarsu, a kan mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba. A Nuwamba 2002 rubutu ɗaya a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ya zama sanadin mutuwar fiye da mutum 200 a Kaduna, duk da haƙurin da jaridar ta yi ta bayarwa. Wanda ke zaune nesa da garin kakanninsa, kamar mu, shi ne ke fara biyan bashin kanun labarin da bai rubuta ba.

Adalci dai a faɗa: 'yan jarida ma sun ɗanɗana. A Afrilu 2010 an kashe ma'aikata biyu na jaridar cocin COCIN a Jos suna kan hanyar aiki. Wakilin da ba ya iya taka unguwar wani ɓangare, dole labarinsa ya fito da ido ɗaya.

Yanzu waya ta gaji teburin mai jarida, kuma a WhatsApp babu edita. Suratul Hujurati ta riga ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Saboda haka idan labari ya zo, mu tambaya: a ina aka buga shi, wa ya ba da adadin, me ɗaya ɓangaren ya ce? Kada mu tura hoton gawa ga kowa. Sannan 'ya'yanmu masu karatun jarida a jami'ar jiha da ke nan Keffi su zauna da dattawa, su rubuta yaushe kakanninmu suka zo, wa ya sauke su, da wa suka yi maƙwabtaka. Wanda bai rubuta tarihinsa ba, ranar rikici wani ne zai raɗa masa suna.

Allah Ya zaunar da Jos lafiya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.