Mayar da Rubutu Zuwa Lamba Ko Kwanan Wata a Shirin Kwamfuta: Misalai Daga Lusail

Wannan bayani ne ga masu kula da rajistar iyalai da yaranmu masu koyon shirya manhaja.

Duk abin da mutum ya cike a fom, kwamfuta tana karɓarsa ne a matsayin jerin haruffa. Idan aka haɗa "500" da "200" a Python ba tare da an juya su ba, amsar ita ce "500200", ba 700 ba. Sai an sa int() kafin lissafi ya yiwu. A harkar riyal da dirhami kuwa na fi son Decimal, domin float yakan ba da 0.30000000000000004 idan aka tara 0.1 da 0.2.

Amma ba duk abin da ya yi kama da lamba ne ake juyawa ba. Tambayar da nake yi ita ce: za a yi lissafi da shi? Lambar wayar gida mai farawa da 0803, da zarar ta zama adadi sifilin farko ya tafi, kamar yadda Excel ke yi. Haka katin shaida na Katar mai lambobi 11. Ta farko tana nuna ƙarni, 2 ga wanda aka haifa kafin 2000, 3 ga wanda aka haifa daga 2000. Biyu na gaba shekarar haihuwa ce, uku na bayansu ƙasa: 566 Najeriya, 562 Nijar, 288 Gana. A bar shi a rubutu, a yanko yankin da ake so, sannan a juya shi.

Kwanan wata ya fi kowa rikici. Kamaru ta ci Brazil 1-0 a filin wasa na Lusail ranar 02/12/2022, wato 2 ga Disamba. Manhajar da ke bin tsarin Amurka za ta karanta shi 12 ga Fabrairu, kuma ba za ta yi ƙorafi ba. Idan ranar ƙarewar izinin zama ce aka karanta haka, tara ce ke jiran iyali. A faɗa wa kwamfuta tsarin a fili, ko a rubuta 2022-12-02.

Sai lambobin Larabci. Lusail ta ƙunshi shiyya ta 69, wadda ake rubutawa ٦٩. Python zai karanta int("٦٩") a matsayin 69, amma Number() na JavaScript zai ce ba lamba ba ce, don haka sai an fara sauya haruffan.