Daga Ceton Rai Zuwa Kyautata Rayuwa: Tarihin Cutar Femfigus

Akwai wani rukuni na cututtukan fata waɗanda asalinsu daga cikin jiki yake, watau garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce kan juya ta faɗa wa fatar mai ita. Ɗaya daga cikin mafi muninsu ita ce femfigus, sunan da aka samo daga kalmar Girkanci mai ma'anar bororo. Sau da yawa takan soma da gyambo a cikin baki, har haɗiyar abinci ta gagara, daga bisani bororo ya feso a jiki, ya fashe, fata ta saluɓe kamar ta wanda ruwan zafi ya ƙona. Ba a ɗaukar ta daga wani, amma ganinta kawai kan sa jama'a su guji mai fama da ita.

Tun a 1791 wani likita Bajamushe, Wichmann, ya bayyana ta a matsayin cuta mai daɗewa, amma sai da aka shafe fiye da shekara 150 likitoci na iya siffanta ta kaɗai, ba su da maganinta. A wancan zamani kimanin 75 cikin 100 na masu nau'inta mai tsanani sukan rasu, galibi saboda ƙwayoyin cuta da ke shiga ta gyambon da kuma ruwan jiki da ke tsiyayewa. Saboda haka tambayar likita guda ce: zai rayu ko kuwa?

Sauyi ya zo da kotizon, wanda Philip Hench ya fara gwadawa a kan ciwon gaɓɓai a Amurka a 1948, aka kuma soma ba masu femfigus a farkon shekarun 1950. Mace-mace suka ragu ƙwarai. A 1964 Beutner da Jordon suka gano a cikin jinin majiyyata sinadaran garkuwa da ke kai wa fata hari, sa'an nan a 1991 Amagai da Stanley da abokan aikinsu suka gano ainihin abin da ake kai wa harin, watau wani furotin mai aikin ƙaro tsakanin ƙwayoyin fata.

To, amma maganin da ya ceci rai shi ma da nasa harajin. Shan kotizon mai yawa shekara da shekaru kan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi, da kumburin fuska, da rashin barci. Likita kan ƙirga gyambo ya ga sun ragu, ya rubuta cewa an sami sauƙi, alhali majiyyaci ya bar aiki, yana jin kunyar shiga taro, dukiyarsa kuma ta tafi wajen magani. Hausawa sun ce jiki magayi, amma an daɗe ba a tambayi mai jikin ba.

A 1994 ne Finlay da Khan, a birnin Kadif na Birtaniya, suka fito da tambayoyi 10 waɗanda mai ciwon fata zai amsa da kansa game da ƙaiƙayi da sutura da aiki da zaman aure. A 2013 Dedee Murrell da abokan aikinta a Sidni ta Ostareliya suka tsara tambayoyi 17 musamman domin masu cututtukan bororo, suka kuma ƙara wasu a kan wahalar da maganin kansa ke jawowa. Da wannan ne maganar majiyyaci ta zama hujja a binciken likitanci.

Amfanin wannan tunani ya bayyana a 2017, sa'ad da Pascal Joly da jama'arsa a Faransa suka gwada maganin rituximab tare da kotizon na ɗan gajeren lokaci. Bayan shekara 2, kashi 89 cikin 100 na waɗanda aka ba shi sun rabu da gyambo har sun daina shan kotizon, a kan kashi 34 na waɗanda suka sha kotizon kaɗai. Sai dai maganin yana da tsada, kuma gano cutar na bukatar ɗakin gwaji na musamman. Duk ƙasar da ta rasa waɗannan biyu, majiyyatanta suna nan a matakin shekarun 1950, kuma wannan al'amari ne na masu tsara kasafin kuɗin lafiya kamar yadda yake na likitoci.