Ƙaho a Ƙeya: Wanzamai da Ciwon Ɓarin Kai a Kudancin Kano

Wanzanci sana'ar gado ce, kuma a ƙasar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Kano, aski shi ne mafi ƙanƙantar aikin wanzami. Shi ke cire wa jariri beli, shi ke yi wa yara kaciya da sanyin hunturu, shi ke tsagar gado a zamanin da ake yin ta, shi kuma ake aika wa idan jiki ya yi nauyi ko kai ya hana mutum runtsawa. Kowane gida da wanzaminsa, wanda ya gaji hulɗa da gidan daga mahaifinsa kamar yadda ya gaji zabira. Ladansa dami ne da kaka, da nama da goro ranar suna. Masu sana'ar suna da shugabanninsu, tun daga Sarkin Aska na birni har zuwa na garuruwa, waɗanda ke raba gardama tsakaninsu, su kuma tsawata wa wanda ya ɓata aiki.

Wannan yanki yana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Kano da Zazzau. Bebeji gari ne mai ganuwa da fatake suka saba yada zango a cikinsa, kuma Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya ratsa ta can a 1826 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya same shi cike da 'yan kasuwa. Can kudu, bayan dajin Falgore, akwai duwatsun Riruwai, inda ake haƙo kuza ana narkarwa tun kafin zuwan Turawa. Inda ayari ke sauka ba a rasa wanzami, domin bafatake da ya kwana bakwai da kaya a ka yana bukatar aski, yana bukatar a zuƙe masa gajiya. Kayan aikin duk na gida ne. Maƙeri ke ƙera aska, dukawa ke ɗinka zabira, ƙaho kuwa na shanun Fulanin da ke kiwo a waɗannan dazuzzuka ne.

Tushen aikin wanzami a kan ciwon kai shi ne yadda Bahaushe ya fahimci jini. A ganinsa jini kan yi yawa, kan gurɓace, kan taru wuri ɗaya ya mutu, kuma mataccen jini in ya kwanta a kai sai ya riƙa sara. Maganinsa a fitar da shi. Mai ciwo zai zauna a tabarma ya sunkuyar da kai, wanzami ya aske ƙeya ko gefen da ke ciwo, ya jiƙa wurin, ya kafa ƙaho. Sai ya sa baki a ƙaramar hudar da ke tsinin ƙahon ya zuƙe iska, ya toshe hudar da 'yar jijiyar da ke bakinsa, ƙahon ya kama fata kam. Bayan ɗan lokaci ya cire, fatar ta kumbura ta yi tudu, ya tsattsaga ta da gaggawa, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. In ya ɗaga, sai ya juye gudan jini baƙi a kan yashi, ya nuna wa mai ciwon da idonsa. Wannan nunin yana da nauyi ƙwarai a cikin al'adar. Mutumin da ya yi mako yana fama da abin da ba wanda ke gani sai shi, yau ga shi a ƙasa, kowa ya shaida. Likitanci ya bayyana cewa duk jinin da ya fita daga jijiya ya tsaya zai daskare ya yi duhu, ko na mai lafiya ne, amma samun sauƙin zuciya da mai ciwon ke ji a wannan lokaci gaskiya ne.

Addini ya ƙara wa al'adar gindi. Ya zo a Sahihul Buhari, daga Ibn Abbas, cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho a ka yana cikin harami saboda ciwon ɓarin kai, wanda Larabawa ke kira shaƙiƙa. Wasu ruwayoyin sun ambaci ranakun 17, 19 da 21 ga watan Musulunci a matsayin mafi dacewa, har yau kuma mutane da yawa waɗannan ranakun suke jira. Malaman jihadi ba su bar fagen magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai kan magungunan Annabi, da ciwon ido, da basir. Don haka mai ciwon kai a ƙarni na 19 yana da ƙofofi uku a gabansa: wanzami da ƙahonsa, malami da rubutu da tofi, da mai saiwa ko 'yan bori. Da wuya ya tsaya a ƙofa ɗaya.

Matsalar da ta daɗe a ɓoye tana cikin sunan kansa. Kalmar ɓarin kai jaka ce da aka zuba cututtuka daban-daban a ciki. Mafi yawansu shi ne irin wanda ya fi kama mata, mai zuwa da tashin zuciya, wanda mai shi ke neman ɗaki mai duhu ya kwanta shiru, ya wuni ko ya kwana biyu. Amma akwai wani da likitoci ke kira kilasta, wato mai zuwa gungu-gungu, kuma halinsa dabam ne. Yana kama kusan mutum 1 cikin 1,000, ya fi yawa ga maza, yakan fara tsakanin shekara 20 zuwa 40. Zafinsa na tsayawa a cikin ido ɗaya ko kewayensa, kamar an sa ƙarfe a wuta an soka. Idon ya yi ja, ya riƙa zubar da hawaye, hancin wannan gefen ya toshe ko ya yi yoyo, fatar idon ta kumbura ko ta sauko. Mai shi ba ya iya kwanciya. Zai miƙe ya riƙa zagaya tsakar gida, ya dafe ido, ya yi ta rausaya, wani har ya buga kai a bango. Tashi ɗaya kan ɗauki minti 15 zuwa awa 3, yana iya maimaituwa har sau 8 a yini, kuma sau da yawa a lokaci guda yake zuwa, musamman awa ɗaya ko biyu bayan an yi barci. Zai yi makonni ko 'yan watanni a haka, sannan ya ɗauke cak, sai bayan watanni ko shekara ya dawo, sau da yawa a irin lokacin da ya zo bara.

Wannan hali na zuwa da tafiya ya taimaka wa sunan ƙaho, da na kowane magani da aka gwada. Ba a cika kiran wanzami ranar farko ba. Sai an sha jiƙo, an yi hayaƙi, an shafa abin shafawa, ciwo ya yi makonni, sannan a ce a kafa ƙaho. Lokacin kuwa zangon ciwon ya kusa ƙarewa da kansa. In ya ɗauke, yabo na abin da aka yi a ƙarshe ne. In ya dawo baɗi, sai a ce jini ya sake taruwa. Ba yaudara ba ce daga wanzami, domin shi ma abin da ya gani ya gaskata, kuma abin da mahaifinsa ya gani ke nan. Sai dai babu ingantaccen gwajin da ya nuna ƙaho na tsayar da irin wannan ciwo ko hana shi dawowa.

Zuwansa cikin dare, a sa'a ɗaya, da yadda yake fitar da natsattsen magidanci daga hayyacinsa, ya sa iyalai da yawa suka ɗora shi a kan iska ko sammu. A da gidan bori ake nufa, daga shekarun 1990 kuwa, da ruƙiyya ta yaɗu a Kano, sai aka fi karkata can. Shawarar 'yan'uwa ba ta yankewa: a ɗaure kai da rawani tamau, a ɗora lalle, a shaƙi tazargade ko habbatussauda, a zuba ruwan randa, a guji rana. A majalisa da kasuwa da bakin masallaci kowa yana da wanda ya sani da ya warke ta wata hanya. Wannan musayar shawara ita ce asibitin farko na mutanen karkara, kuma ƙauna ce ke kawo ta, ko da ba ta dace da ciwon ba.

A farkon Fabrairun 1903 rundunar Turawan mulkin mallaka a ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga watan. Maganin Bature bai biyo sawun igwar da sauri ba. Sai a shekarun 1920 aka buɗe asibitin birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, daga baya En'e ta riƙa kafa ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a gundumomi. Abin da ya fi canza rayuwar mai ciwon kai a ƙauye shi ne kwalta da kanti. Hanyar Zariya da ta ratsa Kwanar Dangora, da wadda ta bi ta Tudun Wada da Falgore zuwa Jos, da aikin madatsar ruwan Tiga da aka yi tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sun kawo baƙi da kuɗi da shagunan kemis. Ƙwayoyi irin su APC da Cafenol da Panadol, da garin Alabukun da aka fara haɗawa a Abeokuta tun 1918, suka shiga teburin mai shayi da tiren 'yan talla. Sun yi wa ciwon kai na gajiya da zazzaɓi amfani, har suka rage wa wanzami ciniki. A kan kilasta kuwa ba su da ƙarfi, domin kafin ƙwaya ta narke ta shiga jini ciwon ya kai maƙura. Wanda ya ga ba ta yi ba sai ya ƙara, wani ya kai ga taramol, kuma yawan shan maganin ciwo shi kansa yana haifar da wani ciwon kan na kullum.

Su ma likitocin Turai sun daɗe kafin su ware wannan ciwo. Nicolaes Tulp, likita a Amsterdam, ya bayyana wani mai irinsa a 1641. Wilfred Harris na Landan ya siffanta shi dalla-dalla a 1926, Bayard Horton a Amurka ya ƙara a 1939, sai a 1952 Charles Kunkle da abokan aikinsa suka ba shi sunan da ya bi shi saboda zuwansa a jere. A 1998 hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sashen da ke riƙe da agogon jiki, mai tsara barci da farkawa, yana motsawa lokacin tashin ciwon, abin da ya yi daidai da yadda yake kiyaye sa'a.

Maganin da gwaji ya tabbatar kashi biyu ne. Na tsayar da tashi akwai shaƙar tsantsar iskar oksijin ta takunkumin fuska, kimanin lita 12 a minti har tsawon minti 15. Wani gwaji da aka yi a Landan, aka buga a 2009, ya nuna ta kawo sauƙi cikin minti 15 a kashi 78 cikin 100 na tashin ciwon, alhali iskar da aka saba shaƙa ta yi haka a kashi 20 kawai. Akwai kuma allurar sumatiriftan ta ƙarƙashin fata, mai aiki cikin mintuna, wadda ba a ba masu ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba. Na kariya kuwa, wanda aka fi dogara da shi shi ne berafamil, asalinsa maganin zuciya da hawan jini, shi ya sa dole likita ya riƙa auna bugun zuciya yayin da yake ƙara shi. Kafin ya kama jiki akan ba da faradinisolon na 'yan kwanaki, ko a yi allura kusa da wata jijiya a ƙeya, daidai wurin da wanzamai suka daɗe suna kafa ƙaho.

Ga manomin masara a Doguwa, wanda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga birni, waɗannan magunguna ba a kusa suke ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya kaɗan ne, kuma a birni suke, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Tukunyar oksijin ta asibitin gunduma ta masu numfashi sama-sama ce. Abin da ke hannun mai ciwon shi ne bayaninsa, domin ba gwajin jini ko hoto ke gano kilasta ba, labarin mai shi ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka daɗe da ciwon sukan ba sababbi shawarar rubuta rana da sa'a da tsawon kowane tashi, da gefen da ya kama, a kai wa likita. Sukan ce a kiyaye lokacin barci, a guji ƙailula da warin fetur da turare mai ƙarfi muddin ana cikin zangon ciwo, giya kuwa tana tayar da shi cikin ɗan lokaci. Sukan roƙi iyali kada su danne mai ciwo ko su tilasta masa kwanciya, su dai kawar da abin da zai ji masa rauni, su zauna kusa. Ciwon kan da ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, irin wanda Kano ta gani a annobar sanƙarau ta 1996, ko wanda ya zo da shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki, ba na jira ba ne, na asibiti ne a take.

Wanzanci bai mutu ba, ya dai sauya kama. Tun da aka gano cutar ƙanjamau a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1980, aka kuma wayar da kai kan ciwon hanta mai yaɗuwa ta jini, wanzamai da yawa sun koma amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, wasu kuma mai zuwa ne ke sayo tasa. A garuruwa an buɗe wuraren hijama masu kofunan roba da famfon zuƙa da safar hannu, inda ba a sa baki ko kaɗan. Samari sun koma shagon aski na inji, amma dattawa da yawa a Bebeji da Ƙiru har yau ba sa miƙa kansu sai ga wanzamin gidansu, kuma sau da yawa shi ne mutum na farko daga wajen iyali da ke jin cewa wani a gidan yana tashi tsakar dare da ido ɗaya yana zubar da hawaye.