Buhu Ashirin: Waiwaye kan Jam'in Turanci a Gadarif

Yaron Bahaushe a Gadarif, garin riɗi da dawa, "buhu ashirin" ya saba ji a gida. In ya shiga kasuwa sai ya ji ishrin shuwal, nan ma tilo ne, don daga sha ɗaya zuwa sama Balarabe yakan mayar da abin ƙirga tilo, jam'i sai tsakanin uku da goma. Ranar da malamin Turanci ya ba shi jimla, twenty sack zai rubuta, jan biro ya biyo baya. Ni dai ban ga laifin yaron ba, harsuna biyu ne suka ja hannunsa.

Kakanninsa da suka yada zango a hanyar Makka, musamman bayan hijirar Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, allo suka riƙe. Turanci yana can Khartum, a Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902 don samar wa gwamnati ma'aikata. A 1934 aka kafa cibiyar horar da malamai ta Bakht er Ruda. A wancan zamani, 'yan ƙalilan da suka kai sakandare da Turanci suke koyon lissafi da kimiyya, dare da rana kunnensu na shan children da feet da sheep har suka zauna musu daram ba tare da haddar ƙa'ida ba.

Daga 1965 aka fara mayar da darussan sakandare Larabci, a 1990 abin ya kai jami'o'i, kuma cikin wannan yanayi aka kafa Jami'ar Gadarif a 1994. Larabci ya buɗe wa talaka ƙofar karatu, wannan babu ja. Amma Turanci ya koma darasi guda cikin jadawali. Littattafai suka riƙa sauyawa, daga NILE zuwa SPINE, sannan SMILE, kunne kuwa bai sake samun abin da ya rasa ba. Abin da ya saura a hannun ɗalibi shi ne "ƙara s".

Nan ne ƙa'idar take cin amanarsa. Ma'alumat jam'i ne a Larabci, sai ya rubuta informations. Shawarwari jam'i ne a Hausa, sai ga advices. Labarai ma haka, ga kuma s ƙiri-ƙiri a wutsiyar news, amma Bature ya ce the news is good. People kuwa babu s, kuma are take ɗauka.

Abin da ke damuna shi ne a ɗauka wannan yaro bai san jam'i ba. Wanda ya fito da dawaki daga doki, littattafai daga littafi, kuma a kasuwa ya rarrabe kitab da kitabain da kutub, ya riga ya ɗauki kayan da ya fi na Turanci nauyi tun kafin ya sa rigar makaranta.