Daga Fito Zuwa Tsere: Waiwaye Kan Kwale-kwale a Hanyar Gwanja

Wanda ya san Paraku da Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin ya san ba garuruwan ruwa ba ne. Amma Hausawan zangonsu da yawa ta ruwa kakanninsu suka iso. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro sai ya ƙetare Kogin Kwara kafin ya shiga ƙasar Bargu, ya bi ta Nikki da Paraku da Jugu, ya nufi Salaga. A mashigar Yawuri ko Illo, komai isar madugu, sai ya tsaya ya yi ciniki da mai fito. Masu fiton nan, Gungawa da Sarkawa da Kabawa, su suka riƙe ilimin tuƙi, kuma a tsakaninsu akwai tsere: wanda ya riga kai gaɓa shi ke komawa ya ɗauki kaya na gaba.

A 1934 wasan ruwa ya samu fili na musamman. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da bikin kamun kifi, alamar an rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Bikin ya zauna a kogin Matan Fada, kabanci ya zama ɓangarensa: tseren kwale-kwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu.

A daidai wannan zamani sana'ar fito ta fara ja da baya. Layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, manyan motoci suka karɓi kayan da jakuna ke ɗauka. A 1958 gada a kan Kwara ta haɗa Malanbil da Gaya, kuɗin fito ya ragu. A 1968 madatsar Kainji ta cika, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da gungunan Yawuri da dama, dubban mutane suka tashi. Sai kuma injin bayan jirgi ya zo.

Mahaifina ɗan wannan tsakanin ne. Bakabe ne da ya yi fito a Malanbil yana saurayi, daga baya ya koma sayar da busasshen kifi a Paraku. Duk shekarar da hali ya yi, yakan tafi Argungu ya shiga tsere, ba don wani abin kirki da ake samu ba. Kafin tafiya yakan bi filafilinsa da man kaɗanya, ya ɗaga shi ya duba ko ya karkace. Tafin hannunsa duk kanta ce, har ba ya jin zafin kofin shayi. Ya sha gaya mana cewa mai ƙarfi a gaba yake zama, mai hankali a baya, domin na baya ke karanta ruwa ya saita hancin jirgi. In muka ce, "Baba, inji fa ya fi sauri," sai ya ce inji bai san inda yashi ya kwanta ba.

A ƙasashen Turawa injin ne ya zama wasan. Amurka ta fara gasar Kofin Zinare ta jiragen inji tun 1904, aka kai ga ƙera masu sulɓi a saman ruwa, da ƙyar suke taɓa shi. A 1978 Ken Warby na Ostareliya ya yi gudun kilomita 511 a awa da jirgin katakon da ya haɗa a bayan gidansa, har yau ba a karya wannan tarihi ba. A wajenmu inji ya tafi ɗaukar fasinja da buhuna ranar kasuwa, tsere kuwa ya tsaya a hannu da filafili.

Hukumar UNESCO ta sanya bikin Argungu cikin al'adun gado na duniya a 2016, lokacin ma an yi shekaru ba a gudanar da shi ba, sai a 2020 ya dawo. Yawuri ma ta farfaɗo da nata bikin jiragen ruwa, Rigata. Sai dai biki na kwana huɗu ba ya koya wa yaro tuƙi. Matuƙan da suka yi fice a da, kullum suna kan ruwa neman abinci. Idan masarautun nan na son a ci gaba da samun 'yan tsere, sai sun kula da masunta da masu sassaƙa jirgi a sauran watannin shekara.