Sunayen Barguna a Wani Ƙauyen Alabama

Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna ranar da Malamin Tarihi ya koya mana cewa Sarkin Kano Kanajeji ne ya shigo da lifidi, wato ƙyalle biyu da auduga a tsakani, a bi da ɗinki. To, irin wannan ɗinki na tarar a Amurka a 2007, sai dai su ba doki suke sa wa ba, bargo suke yi da shi, suna ce masa kwilt.

Ƙauyen da na je sunansa Gee's Bend, a jihar Alabama, kuma kogi ya kewaye shi ta gefe uku. Mutanensa jikokin bayi ne. A 1816 wani Joseph Gee ya kafa gonar auduga a wurin, daga baya ta koma hannun Mark Pettway, wanda ya koro bayinsa a ƙafa tun daga Karolina ta Arewa, shi ya sa har a lokacin ziyarata gidaje da yawa Pettway suke amsawa.

Kafin in tafi na ɗan yi karatu, don kada in zama baƙauye. Da isata wata dattijuwa ta shimfiɗa mini bargonta, ni kuwa na yi caraf na ce, "Baba, ai wannan shi ne Log Cabin," wato bukkar gungume, kamar yadda littafi ya faɗa. Ta dube ni shekeke, ta ce su a nan Housetop suke cewa, wato saman ɗaki. Ta ce in kwanta rigingine in dubi jerin azara, zan ga zanen. Kunya ta kama ni. Daga nan na kama bakina, na buɗe kunne.

Ashe kusan kowane zane suna biyu gare shi, na littafi da na gida. Wanda aka yi da tsofaffin wandunan aikin gona, har da kodewar gwiwa da gurbin aljihu, bargon wando suke ce masa, kuma sau da yawa kayan miji ne ko uba da ya rasu. Wanda aka jera dogayen ƙyallaye kawai, ba wahalar yanka, sunansa Lazy Gal, wato malalaciya, ko da yake ni ban ga lalaci a ciki ba. In kuwa mace ta watsar da tsarin littafi ta bi son ranta, sai ta ce ta yi shi my way, wato yadda ta ga dama.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zanen da sauran Amurka ke kira Matakalar Kotu, su kuwa suna ce masa Birkila. Ku lura, kotun yankinsu tana garin Camden, a tsallaken kogi, can ne ake rajistar zaɓe. Da baƙaƙen fata suka fara neman rajista, sai aka dakatar da jirgin fiton a 1962, tafiyar ta koma doguwar kewaya ta mota, ga mutanen da yawancinsu ba su da mota. Ba a maido da jirgin ba sai 2006. Ban ce wannan ne asalin sunan ba, amma wanda aka hana taka matakala, ba abin mamaki ba ne ya fi tuna mai jera tubalinta.

A 2002 aka baje bargunan a gidan zane-zane na Houston, sannan a New York, a 2006 kuma aka buga goma daga cikinsu a kan sarki. Masana suka zo da nasu manyan kalmomi. Dattijuwar ta ce ita dai abin da ta sani, sanyi ne ke shigowa ta bangon katako, ga 'ya'ya tara.

Da na dawo na je gidanmu neman bargon maho da Inna ta ɗinka mini lokacin da zan tafi makarantar kwana, wanda wasunku suka sha yi mini tsiya a kansa. Na same shi a ƙasan adaka. Na tambayi yayata ko Inna tana da sunan da take kiransa, ta ce akwai, amma ya shige mata.