Daga Badala Zuwa Awon Igiya: Tarihin Hukumar Tsara Birnin Kano

Duk wanda ya zauna a Kano ya san jan fentin nan da ma'aikatan hukuma ke shafawa a bangon ginin da aka ɗora ba da izini ba. Sai dai ba kowa ya san cewa hukumar da ke wannan aiki ta haura shekara sittin da kafuwa ba, kuma a tsawon wannan lokaci ta sake suna har sau huɗu. Da yake da yawa daga cikinmu a birane muke zaune, garinmu kuma kullum sai ƙara faɗi yake yi, ya dace mu waiwayi tarihin wannan hukuma. Hausawa dai sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tsara gari a Kano ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sannan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Abin lura shi ne magabata ba su ja badala daidai bakin gidajensu ba. Sun zagaye fili mai yawa wanda ya haɗa da Dala da Goron Dutse da gonaki, domin idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya a sami abinci da wurin kiwo. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000.

A wancan zamani babu ofis, babu taswira, amma kowane fili yana da mai kula da shi. Ƙasa tana hannun Sarki, mai unguwa ya san iyakar kowane gida, kowace ƙofa tana da sarkinta, gyaran badala kuwa aikin gayya ne. Ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar tubali su suka zama kududdufai, su ne kuma ke karɓar ruwan damina kafin ya gangara Jakara. Wanda ya yi nufin cin hanya ko toshe magudana, maƙwabta da mai unguwa za su tare shi tun bai kai ga ɗora tubali na biyu ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai al'amarin ƙasa ya koma kan takarda. Dokar 1910 ta sanya dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, da sunan yana riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa, aka keɓe musu Sabon Gari. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara tabbatar da rabon: unguwar Turawa a Nasarawa, da sararin yadi 440 da aka ƙa'ida a bari tsakanin irin wannan unguwa da mazaunin 'yan ƙasa, sai kantunan kamfanoni kusa da tasha, birni kuma aka bar shi a hannun En'e. Ke nan gari ɗaya ya zama yana da masu iko biyu, kowa da dokarsa. Ko dokar tsara birane ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ba ta ɗinke wannan ɓaraka ba.

Sai a 1962, bayan samun 'yancin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukuma guda da za ta dubi Kano da kewayenta a dunƙule. Wannan hukuma ce ta sa wani masani mai suna Trevallion ya zana tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya nuna inda za a yi gidaje, da masana'antu, da manyan tituna, da wuraren da za a bari a sarari. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Bako ta sake fasalin hukumar a 1969. A 1976 aka mayar da ita Hukumar Raya Birane, aikinta ya wuce babban birni ya kai ga sauran manyan garuruwan jihar. A 1990 ta zama KASEPPA, aka haɗa mata tsara gari da kare muhalli, daga bisani kuma ta koma KNUPDA, sunan da aka san ta da shi yanzu.

Ana cikin haka dokokin tarayya suka sake sauya lissafi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, Dokar Filaye ta 1978 kuma, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa filayen birane ga Gwamnan jiha, na karkara kuma ga ƙaramar hukuma, kowanne da kwamitin da zai ba shi shawara kan rabo. Gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni. Doka ta 88 ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kowace da sashen sa ido kan gine-gine, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne.

To, me aka samu? Ba za a ce hukumar ba ta yi aiki ba. Wanda ya bi titunan Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ko ya ga rukunin masana'antu na Sharaɗa da Challawa, ya san an yi awo kafin a yi gini. Amma jama'a sun fi hukuma sauri. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomi takwas na cikin Kano suna da mutum kimanin miliyan 2.8. Fulotin gwamnati bai isa ba, samunsa kuma sai mai haƙuri ko mai hanya. Manomin da ke bakin gari ya san idan gwamnati ta karɓi gonarsa, dokar 1978 ta tanadi diyyar amfanin gona da gini ne kawai, ban da ƙasar kanta. Saboda haka sai ya riga ta: ya kira dillali, a ja igiya, a yanka gonar fegi-fegi a sayar. Wannan shi ne awon igiya. Mai yanka ba ya barin filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, domin kowane taku kuɗi ne, lungu kuma a matse yake yadda motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Kafin ma'aikaci ya iso da jan fentinsa, unguwa ta riga ta cika, rusau kuwa ya zama abin da kowace gwamnati ke tsoro.

Ta fuskar adana kayan tarihi da muhalli asarar ta fi yawa. An cike kududdufai masu yawa da shara an yi gini a kansu, ruwan da suke karɓa ya koma tituna da ɗakunan mutane. Badala, wadda Nijeriya ta miƙa sunanta ga UNESCO a 2007 cikin jerin wuraren da ake neman a amince da su, an ci ta da gine-gine da ɗibar ƙasa, a wurare da dama sai dai a nuna maka inda take a da. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Wani ɓangare na matsalar shi ne rarrabuwar iko: ganuwa tana ƙarƙashin hukumar kayan tarihi ta tarayya, takardar mallaka daga ma'aikatar ƙasa take fitowa, izinin gini daga hukumar tsara birni, shaidar ciniki kuma sau da yawa a gaban mai unguwa ake yin ta. Abin da masu shi suka yi yawa, shi ne ke kwana a waje.

'Yan'uwa, abin da ya sami Kano yana tafe ga duk garin da ke girma, kuma mu da ke aiko da kuɗi gida a saya mana fuloti muna cikin masu tayar da farashin ƙasa. Tarihin da muka bi ya nuna cewa filin jama'a yana tsira ne idan an keɓe shi tun ƙasa ba ta yi tsada ba, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakinsa da suna. Dama tana nan tukuna. Doka ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a kan filayen da ba a ayyana su birni ba. Ana iya zama da hakimi da dagatai da sashen ƙasa na ƙaramar hukuma, a kira safiyo ya auna maƙabarta da filin Idi da kasuwa da burtali da fadama da kududdufai, a kafa musu duwatsun iyaka, a yi musu takarda, a ajiye kwafi a fada da sakatariya. A kuma yarda cewa duk mai yanka gona zai bar titi mai faɗi da filin makaranta kafin dagaci ya sa hannu. Cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da ma'aikatan ƙasa da za su iya wannan aiki ba tare da an ɗauko kowa daga waje ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu ikon barin gari mai numfashi ga 'ya'yanmu da jikokinmu.